Kehinden Cikin Waya

A garinmu Igbo-Ora in ka ce kai ɗan tagwaye ne babu mai ɗaga kai ya dube ka. Gidan da babu 'yan biyu shi ake yi wa jaje. Don haka zaman Baba Shade ɗan tagwaye bai taɓa ƙara masa ko loma ɗaya ta amala ba. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ya ɗauki maganar da zafi.

Shi ya fara faɗowa, aka sa masa Taiwo. 'Yar'uwarsa ta biyo baya, aka sa mata Kehinde. Kowa kuwa ya san yadda abin yake a wurinmu: wanda ya riga fitowa shi ne ƙarami, domin babban ne ya miƙe ƙafa a ciki ya aiko shi, ya je ya ɗanɗana duniya ya ga ko ta zaunu. Wanda aka haifa bayan tagwaye kuma Idowu ne, shi ko shawara ba a yi da shi, nasa wanke kwano da korar awaki. Sauran masu suna Taiwo a garin sun bar wannan a matsayin abin tsokana a wurin biki. Baba Shade ya riƙe shi kamar takardar ɗaukar aiki.

Duk sabon abin da ya shigo gari a jikinsa ake gwada shi. Shi ya fara shan maganin ciwon baya da wani mai lasifika ya kawo tasha, ya yini yana zarya bayan gida. Shi ya fara shafa baƙin gashi na kwalba, kansa ya rine ya koma jajir har sai da ya aske. Bai taɓa ganin wauta a ciki ba, ai aiko shi aka yi. Ɗabi'arsa ta biyu girmama na gaba, nan ma bai san tsaka-tsaki ba. In mutum biyu suka yi gardama a gabansa ba ya tambayar wa ke da gaskiya, wa ya girmi wani yake tambaya. An taɓa yin musu a mota kan hanyar Iseyin tsakanin direba da wani tsoho mai sanda. Baba Shade ya tashi haiƙan ya goyi bayan tsoho, aka bi hanyarsa, aka yini ana bulayi a cikin gonaki. Da aka gano tsohon bai taɓa zuwa Iseyin ba, Baba Shade ya ce duk da haka ai babba ne.

Sana'arsu ɗaya shi da Kehinde: injin markaɗen uwarsu, a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin kasuwa. Da injin nan uwar tasu, Iya Ibeji, ta ciyar da su, ta sa su makaranta, ta yi musu aure. Tafin hannunta ne ya cinye fentin mariƙin da ake juyawa a tayar da shi, har ƙarfen ya yi sumul yana sheƙi. Injin yana da halinsa irin na tsofaffi. Ba ya tashi sai an yayyafa wa bel ɗinsa ruwa, an ɗan dafa murfinsa, sannan ya yi tari ya kama. Da za ta rasu ta haɗa hannuwansu ta ce, "Na ku biyu ne. Kada ya bar rumfar nan." Kehinde ta ɗauki safe, lokacin masu attarugu da tattasai. Baba Shade ya ɗauki yamma, lokacin masu wake da masara. Injin nan shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ne kuma abin da ya rage musu na uwarsu.

Haka ake tafiya har furfura ta cika kan su biyun. Sai Shade, 'yarsa da ke aikin jinya a Legas, ta aiko masa da babbar waya don ya riƙa ganin jikokinsa. Allah ya saka mata da alheri, niyyarta mai kyau ce. Ya ga jikokin na ɗan lokaci. Daga nan ya haɗu da Dokta.

Dokta yana zama ne a kan wata kujera mai hannun zinare, da farar hula da babbar riga ta leshi, littattafai jere a bayansa har sama. Da ƙarfi yake magana, yana nuna mutum da yatsa.

"Kai! Kai da kake kallona! Me ka ajiye a gida yana tsatsa? Tsohon ƙarfe ba dukiya ba ne. Kai kana gumi, kuɗinka na barci. Juya abin! Kai ka yi barci, kuɗinka su yi gumi. Sayar! Ka sayi gonar rogo a cikin wayarka, mu noma maka, kai dai ka kwanta."

Baba Shade ya dubi injin, ya dubi waya. Ya rasa yadda aka yi bawan Allahn nan ya san da shi.

Bai gama farfaɗowa ba wayar ta jefo masa Farfesa. Shi kuma kwat ne da tabarau, kai a buɗe, murya ƙasa-ƙasa kamar mai yi wa mara lafiya sannu.

"Ɗan'uwana, kada masu ihu su ruɗe ka. Kada ka sayar da ko cokali. Ka rage ci, ka rage sha, ka kashe fitila. Abin da ya saura ka zuba a asusunmu na cikin waya, mu riƙe maka amana."

Da wayar ta ga yana so, sai ta yi ta turo masa masana kamar ana rabon sadaka. Wannan ya ce sayi fili, wancan ya ce fili tarko ne. Wannan ya ce adashi hanyar tsira, wancan ya ce adashi aikin jahilai. Waɗannan ba su ba shi wahala ba, don yawancinsu yara ne masu askin banza, da ya ga fuska sai ya share su da yatsa. Dokta da Farfesa ne suka tsaya masa a wuya. Ga manya biyu, kowa da littattafai a bayansa, wannan ya ce gabas wancan ya ce yamma. In ɗayansu ya bayyana yakan cire hula, ya ɗan rusuna wa wayar ya ce, "Barkanku da hutawa, ranku ya daɗe."

Tun da ba zai iya saɓa wa ko ɗaya ba, sai ya raba musu yini yadda aka raba injin. Safe ta Farfesa ce: ya tsaya a kan matarsa Iya Shade yana lura da man jan da take zubawa a miya, ya soke nama ya ce ganda ta isa. Da yamma Dokta ya karɓi aiki: Baba Shade ya hau acaɓa zuwa inda ƙafa za ta kai shi, wai mai arziki ba ya ɓata lokaci, ya sayo tsire ya raba wa 'yan rumfa don hannunsa ya saba da kyauta. Iya Shade ta ce ita dai a gaya mata wanne ta aura, ta san irin tukunyar da za ta ɗora.

Kada a zalunce shi, ya yi ƙoƙarin alƙalanci. Ya karanta abin da jama'a ke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Rabi sun ce Dokta ya fitar da su daga talauci, Farfesa matsoraci ne. Rabi sun ce Farfesa uba ne, Dokta mayaudari. Ya auna littattafan da ke bayansu, ya ga tsawonsu ɗaya. Sai ya koma ga ma'aunin da bai taɓa ba shi kunya ba, in ka cire hanyar Iseyin: wa ya girmi wani? Ya ƙura ido yana neman furfura. Dokta hula ta rufe, Farfesa ya aske ƙwal. Ya rubuta musu da yatsa ɗaya, cikin ladabi, yana roƙon su faɗa masa shekarar haihuwarsu. Babu wanda ya amsa sai wani mara kunya da ya tambaye shi ko 'yarsa zai ba su.

Wata rana da azahar, lokacin canjin hannu, ya miƙa wa Kehinde wayar. Da "ku" yake yi mata magana tun suna rarrafe, Egbon kuma yake kiranta, wato Yaya.

"Egbon, don Allah ku saurari mutanen nan ku gaya mini."

Kehinde tana wanke bakin injin, hannunta duk attarugu. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Su wa? Surukanka na cikin waya?"

"Masana ne, Egbon. Ɗaya ya ce a sayar, ɗaya ya ce a riƙe."

"A sayar da me?"

Idonsa ya sauka a kan injin. Ta bi idon nasa da kallo, sannan ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Taiwo, dube ni nan. Wanda ya ce ka sayar, shi zai ciyar da kai? Wanda ya ce ka riƙe, ya taɓa zuwa ya taya ka juya mariƙi? Mutumin da ya san inda kuɗi suke, me zai zaunar da shi yana yi maka ihu kyauta tun safe?"

"Taimako ne, Egbon. Sun ce su sun riga sun ƙoshi."

"To su aiko mana da ragowar. Ungo bokiti, masu wake sun fara layi."

Ya karɓi bokitin, domin babba ta yi magana. Da a nan abin ya tsaya, da yau ba a ba da labarinsa.

Ana nan sai Dokta ya saki wani bidiyo, yana dariya har hularsa na rawa.

"Kuna ta tambayata game da wancan mai tabarau. To yau zan faɗa muku. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, rana ɗaya. Shi ne Taiwo, ni ne Kehinde. Yaro ne! Ni na aiko shi duniya, ya zo ya ga inuwarsa ya tsorata, shi ya sa har yau asusu yake runguma."

Baba Shade ya ajiye wayar a hankali ya sauke ajiyar zuciya. Ashe shi ya sa suke kama! Shari'a ta ƙare. Ba a taɓa jin inda Taiwo ya faɗi tasa, Kehinde ya faɗi tasa, aka ɗauki ta Taiwo ba, shi kansa shaida ne. Saura matsala ɗaya. Yanzu Kehinde biyu gare shi, ta rumfa ta ce a riƙe, na waya ya ce a sayar. Ya yi ta juya abin a ransa har ya samo mafita irin tasa. Ta rumfa dai sa'arsa ce, da ɗan numfashi ta girme shi. Na waya kuwa ga kujerar zinare, ga littattafai, kowa ya gani ya san wannan Kehinden ya fi girma.

Sai aka yi dace, ko a ce rashin dace, 'yar Kehinde ta haihu a Abeokuta, ta haɗa kaya za ta je wankan jego. A tasha ta leƙo ta tagar mota.

"Taiwo, ruwan bel, kada ka manta. In na dawo kuma ina so in same shi inda na bar shi."

"Ku sauka lafiya, Egbon. Ku gaishe da mai jego."

Bai ce to ba, bai ce a'a ba, ya koma gida yana jin daɗin wayonsa.

Iya Risi mai shagon tsallaken titi ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan injin nan. Da ya je mata da maganar sai ta yi turus, ta tambaye shi ko Kehinde ta sani.

"Ai umarnin Kehinde ne," in ji shi. A ganinsa bai yi ƙarya ba.

Ƙarti suka zo suka kwance notuna, suka cicciɓi injin suka tsallaka titi da shi. Aka bar rumfar da wani tabon baƙin mai a ƙasa, daidai faɗin gindin injin. Baba Shade ya tsaya a kan tabon. Gaskiya abin ya taɓa shi. Ya ji irin abin da ya ji ranar da aka fita da gawar Iya Ibeji, ya rasa inda zai sa hannunsa. Sai ya sa shi a aljihu ya ciro waya. Dokta ya gaya masa cewa masu tsoro ne kaɗai ke waiwaye, hankalinsa ya kwanta.

Ya tura kuɗin kaf, aka ba shi gona. Gonar kuwa ba a taɓa ganin irinta ba a duk yankinmu na Ibarapa: ganye kore shar, babu ciyawa, babu gafiya, rani da damina duk ɗaya. Mutumin da in ya zagaya bayan gidansa zai faɗa gonar rogo ta gaske, shi ne yake zama a benci yana shafa gilashi yana duba tasa. Manoma na dawowa da laka har gwiwa, ya bi su da kallon tausayi ya ce, "Har yanzu da fartanya?" Don kada Farfesa ya ji an ware shi, ɗan abin da ya rage a aljihu ya zuba masa a asusu. Taiwo ne dai kamarsa, akwai zumunci.

Ranar da aka ce rogo ya isa haƙa za a raba riba, ya yi wanka ya sa hular biki ya danna wayar. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya ba shi lokaci, don ba a gaggauta manya. Zoben ya yi ta juyawa har caji ya ƙare. Washegari aka ce ana gyara. Daga baya ko gyaran ma aka daina faɗa. Ya leƙa asusun Farfesa, nan ma zobe.

Da wani ne, da ofishin 'yan sanda ya nufa. Baba Shade ya san ba haka ake yi ba. In babba ya yi maka ba daidai ba, ba ka kai shi ƙara, ɗan'uwansa kake samu ya roƙar maka shi. Ya yanke shawarar zuwa wurin Farfesa, Taiwo da Taiwo, su yi magana irin ta waɗanda aka aika. Ya sayi doyar gaisuwa, ya shiga motar Ibadan da adireshin da ke ƙasan bidiyon.

Adireshin ya kai shi wani bene a Mokola, saman shagon masu gyaran fanka. Ya hau yana haki, doya a kafaɗa, ya tura ƙofa. Ga kujerar mai hannun zinare, fentin ya fara ɓarewa. Ga littattafan. Ya matsa ya shafa su ya ji sumul, ashe hoto ne a jikin leda aka manna a bango. Wani mai tumbi da singileti yana zaune yana cin amala a kan teburin Farfesa.

"Baba, hoton fasfo ne ko na biki?"

"Sannunku da aiki. Wurin tagwayen nan na zo. Ƙaramin nake nema, Farfesa."

Mai hoton ya ajiye lomarsa, ya dubi doyar, ya dubi Baba Shade, ya girgiza kai irin na wanda ya gaji da wannan tambayar.

"Har da ku? Baba, babu wasu tagwaye, mutum ɗaya ne. Hayar ɗakin nan yake zuwa yi. Da safe ya sa tabarau ya ce a riƙe, in ya ci ya ƙoshi ya sa hula ya ce a sayar. Wanda ya bi wannan ya sayi gona, wanda ya bi wancan ya zuba a asusu, duk aljihun wando ɗaya ne. Hular ma tawa ce, ya tafi da ita."

"Mutum ɗaya?"

"Ɗaya tal. Ni ma nemansa nake."

Baba Shade ya lallaɓa ya zauna a kujerar zinaren, ƙafarta ɗaya ta yi ƙara. Mutumin Igbo-Ora, wanda tun da ya buɗe ido tagwaye yake gani, wanda ke bambanta Taiwo da Kehinde ta ƙeya, shi aka sayar wa tagwayen jabu. Da ya buɗe baki, tambayar da ta fi cin ransa ce ta fito.

"To shi ɗin, Taiwo ne ko Kehinde?"

"Wa, Idowu?" Mai hoton ya suɗe yatsa. "Idowu sunansa."

A nan ne Baba Shade ya ɗora hannu a ka. Gona ta tafi bai yi ihu ba. Asusu ya tafi bai yi ihu ba. Amma Idowu! Mai wanke kwano! Mai korar awaki! Shi ya yi wata da watanni yana cire wa hula yana ce masa ranku ya daɗe! Ihun da ya kurma sai da masu gyaran fanka suka hauro. Doyar ma a can ya manta ta, mai hoton kuma bai biyo shi da ita ba.

Ya iso gida da la'asar ya tarar Kehinde ta dawo. Tana zaune a benci a cikin rumfar, jakarta ko buɗewa ba ta yi ba, ƙafafunta a kan baƙin tabon. Daga tsallaken titi ana jiyo injin yana ta aiki. Ya zube rub-da-ciki a gabanta yana jiran wankin babban bargo. Da ta zage shi da ya ji sauƙi. Ba ta zage shi ba. Idonta ya yi ja, ta daɗe tana kallon tsallaken titin.

"Tashi, Taiwo, za ka ɓata riga."

Ya tashi ya durƙusa.

"Iya Risi ta ce wai umarnina ne."

"Egbon, wani Kehinden ne..."

"Na ji. Duk kasuwa ta ji." Ta share hanci da bakin zani. "Na roƙe ta ta mayar, ta ce ko nawa zan ba ta ba ta sayarwa. Ina laifinta? Ita ba ta da malami a waya." Ta juyo ta dube shi. "Ni na aiko ka ka ɗanɗana duniya, ko ba haka ba? To ka ɗanɗana. Yaya take?"

Ya dubi baƙin tabon.

"Da ɗaci, Egbon."

"Madalla. Ka kawo rahoto, aikinka ya yi kyau."

Kehinde ba macen zama ba ce. Ta kafa murhu a rumfar, a kan tabon, ta fara tuyar ƙosai. Ƙosai kuwa sai da markaɗe. Kowace safiya takan wanke wake ta cika roba, ta ɗora attarugu a sama, ta ƙwala kira.

"Taiwo! Zo in aike ka."

Yakan ɗauka ya tsallaka titi, ya shiga layi a bayan matan unguwa, ya biya kamar kowa. Matan sukan tambaye shi ya gona, an fara haƙa? Yakan ce da godiya. Duk wannan yana iya jurewa. Abin da ba ya iya jurewa shi ne in injin ya ƙi tashi, Iya Risi ta hau shi da zagi tana bugunsa da sandar tura attarugu. Da farko yakan kau da kai. Wata safiya ya kasa, ya ajiye robarsa ya fita daga layi.

"Iya Risi, don Allah kada ki dake shi. Tsoho ne. Ruwa yake so a bel."

Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya yayyafa, ya dafa murfin, ya kama mariƙin daidai inda hannun uwarsa ya cinye fenti, ya juya. Injin ya yi tari ya kama. Ya ɗan jima tsaye, hannunsa a kan murfin, bai saki ba.

"An gode, Baba Shade," in ji Iya Risi. "Ku koma layi, akwai mutane a gabanku."

Ya ɗauki robarsa ya koma inda yake.